Iya Ta Ce Nonona Ya Ɓaci, Za Ta Tafi Da Yaron

Tanti Cima, salamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, domin ranar kasuwa mai zuwa za a raba ni da ɗana, wata bakwai kacal gare shi.

Daga wani gari kusa da Madawa nake rubuto miki. Yaron ɗan farina ne, kin kuwa san al'adarmu: ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban manya, in ya yi kuka sai in yi kamar ban ji ba har a miƙo mini shi. Yana ciki babansa ya tafi ci-rani Abijan, sai da damina ta gabato ya dawo. Uwar maigidan, Iya, ta taso daga Allakaye yi masa barka da zuwa, ta zauna wurinmu. Ba zan yi mata sharri ba, tana son jikan nan kamar ranta. Tana sauka ta ce yaro ya isa cin abinci, ta shiga dama masa kunun gero da garin wake, wani lokaci ta murza dafaffen zogale a ciki. Yana sha kuwa, har da lasar baki.

To, sai bayan gidansa ya sake. Da can ruwan ɗorawa ne, mai laushi, ba wani wari. Yanzu ya yi kauri, yau kore, gobe ƙasa-ƙasa, da 'yan ɓarɓashi baƙaƙe a ciki, ga wari irin na manya. Yakan wuni ya kwana bai yi ba, in zai yi sai ya yi ta nishi har jijiyar goshinsa ta tashi.

Da Iya ta ga tsumman da ya yi bayan gida a ciki, sai ta kira tsofaffi biyu daga maƙwabta, aka sa na tatsa nonona a ludayi, aka jefa tururuwa. Ta yi ɗan motsi, ta mutu. Nan take suka yanke cewa nono ya ɓaci, wai don maigida ya dawo ɗakina. Tanti, da ƙasa za ta tsage da na shige. Har yau in na je rijiya sai in ga kamar ni ake kallo.

Iya ta ce da irin wannan ta binne 'ya'ya biyu, ba za ta zuba ido ta binne jika ba. Za ta tafi da shi Allakaye ta yaye shi da kunu da nonon akuya. Shi maigida in na yi masa magana sai ya sunkuyar da kai, ya saɓi hauya ya yi gona. Ni kuma da wane baki zan ce a bar mini ɗan fari? Cewa za a yi ba ni da kunya.

Abin da ya fi cina, ni ma tsoro ya kama ni. Tun da na haihu ban ga al'ada ba, ban sani ba ko ciki ne. Yaron dai yana wasa, ba zazzaɓi, yana kama nono da ƙarfi, amma duk ya kama sai in ce ko guba nake ba shi. In ƙyale su su tafi da shi ne? Mi zan yi?

Uwar Ɗan Fari

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki kwantar da hankalinki, amsar tana cikin wasiƙarki. Baƙi biyu suka sauko gidanku lokaci guda, maigida da kunu. Kowa ya kama maigida, aka bar kunun yana yawonsa.

Duk abin da kika zayyana, haka bayan gidan yaro yake komawa in ya fara cin abinci. Kaurin da warin na gero da wake ne, koren na zogale ne, ɓarɓashin kuma abin da cikinsa bai iya narkarwa ba tukuna. Nishi ba ciwo ba ne muddin abin da ya fito mai laushi ne. Kusantar miji ba ta ɓata nono, ko ciki ne ma nono ba ya zama guba. Tururuwa kuwa, a jefa ta cikin nonon kowace mace, ko na akuyar Allakaye, nutsewa za ta yi.

Abin tsoron shi ne yayen. A cire yaro ɗan wata bakwai daga nono a farkon damina, lokacin zawo da zazzaɓi, nan haɗarin yake. Kada ki yarda.

Amma kada ki ɗauki Iya abokiyar gaba. Matar da ta binne biyu ba mugunta ke tura ta ba, tsoro ne, kuma zawon da take tsoro yana kisa da gaske. Kunun nan nata ma mai kyau ne, a dai tankaɗe garin ya yi laushi, a dafa sosai, a ɗiga ɗan mai, a ba shi tsabtataccen ruwa kaɗan bayan ci. Ki roƙe ta ta raka ki awon yara a likita kafin kasuwa, ku tafi da tsumman. Ta ga nauyin jikanta da idonta, ta ji daga bakin ma'aikaciya, ke ma a duba ki ki huta da zullumin ciki. Maigida kuma ki faɗa masa gonar ba za ta gudu ba. Shi ya kamata ya tuna wa uwarsa, cikin ladabi, cewa shekara biyu Alƙur'ani ya ambata ga shayarwa.

In kuwa kika ga bayan gida ruwa-ruwa akai-akai, ko jini, ko ya yi fari fat ko baƙi ƙirin, ko tauri kamar na akuya, ko amai da zazzaɓi, ko maɗiga ta faɗa, ko ya ƙi nono, to ki goya shi ki nufi likita nan take, ba sai kin jira izinin kowa ba.

Batun kunya kuwa, ɗiyata, ta hana ki kiran sunansa ne kawai, ba ta hana ki ba shi nono ba. In duk an yi haka Iya ta dage, ranar kasuwa ki durƙusa ki gaishe ta da kyau, ki raka ta har bakin mota, yaron yana bayanki. Gara a yi wata guda ana cewa ba ki da kunya, yana cinyarki yana tsotso.

Allah Ya raya mana shi, Ya sanyaya zuciyar Iya, Ya nuna miki ranar da za ki yaye shi da hannunki.

Tanti Cima