Ƙwayoyin Lemo a Kwalba

Laraba da dare, Manawashi

Tun da likita ya ce jininmu ya hau, ni da maigidana Malam muka ɗaura niyyar shan lemo da cin kwaɗon zogale kullum. Duk ranar da muka cika, sai mu jefa ƙwayar lemo ɗaya a kwalba. Da ya rasu na watsar.

Yau ina goge kan firij na sauko da kwalbar. A rabi muka bar ta, yanzu ta kusa cika. Ƙanwata Ladi ta ce, “Yaya, ni ban ma san da ita ba.” Ƙwayar da ke sama kuwa da danshinta.

Na yanka lemo. Na ji, Malam. Gobe ni zan jefa da kaina.