Kanwar Baffa a Akwatin Kifi

Zuwa ga Malam mai filin shawara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Malam, don Allah ka taimake ni, kuma da gaggawa, don wata ɗaya kacal ya rage mini. Ka yi haƙuri da rubutuna, bara na fito daga ajin yaƙi da jahilci, hannuna bai gama faɗawa ba. Kuma kada ka yi dariya in ka ji abin da ya hana ni sukuni, don duk wanda na faɗa wa a garin nan sai ya riƙe ciki. Maganar kifi ce.

Maigidana malamin gona ne a nan Kafin Maiyaki. Shekara biyu ke nan, wani Bature da suka yi aiki tare ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar masa wani akwatin gilashi da ake zuba ruwa a sa kifi a ciki, ba don a ci ba, don kallo kawai. Da maigida ya je rangadi ƙasar Doguwa sai ya kamo wasu 'yan kifaye a wani rafi na gindin duwatsu, ya kawo su cikin tulu. Babu wanda ya kai ɗan yatsana girma, amma jikinsu ɗigo-ɗigo ne na ja da shuɗi, kamar aikin hula. Su goma sha ɗaya ne. Mutumin nan in ya dawo daga aiki, su yake fara gaisarwa kafin ni. Da fari abin yana ba ni haushi, daga baya ni ma na sami kaina zaune gabansu, har tuwo ya taɓa kama mini.

To, sai aka tura shi kwas na wata uku a Samaru. Yana da ƙane a garin, yana da abokan aiki masu ilimin boko, amma ni ya kira ya ce ni ya bar wa amanarsu. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Sai dai lokacin da yake yi mini bayani ina ta faman ɗaure masa garin kunu da yaji, rabin maganar na ji. Na riƙe cewa a ba su gara kaɗan da safe. Na kuma ji ya ambaci randar da ke bayan ɗaki, wadda yake tara ruwan sama a ciki. Da na leƙa randar sai na ga ruwa ya daɗe a ajiye, na ce haba, wa zai ba baƙo wannan? Na yi wanki da shi, na cika wa kifaye akwati da ruwan rijiyarmu, wanda duk unguwa ake yabonsa, ko da yake sabulu ba ya kumfa sosai da shi.

Ban tsaya nan ba. Na duba akwatin nan, ba komai ciki sai yashi da baƙaƙen duwatsu biyu, kamar ɗakin gwauro. Na ce bari in gyara musu gida kafin ya dawo. Akwai wata ƙwarya ta farin wuri da na gada wurin kakata, na wanke su fes na jera a ƙasa. Na ƙara da kwanson katantanwa, da wani farin dutse mai kyau da na tsinta inda ake ginin sabon ɗakin shan magani. Malam, abin ya yi kyau. Matan unguwa har layi suka yi suna kallo, ni kuwa ina ta hura hanci.

Bayan kamar sati biyu sai kifaye suka yi la'asar. Launinsu ya dushe, suka daina rige-rigen gara, suka koma laɓewa bayan dutse. Ana cikin haka sai ga Baffa, mahaifina, ya shigo cin kasuwa ya biyo gaishe ni. Makiyayi ne, rugarmu tana wajen Ɗansoshiya. Ya tsuguna gaban akwatin ya daɗe yana dubawa kamar yadda yake duba maraƙi mara lafiya. Can ya ce shekara hamsin yana kiwo, bai taɓa ganin dabbar da ta yi ƙarfi ba tare da kanwa ba, balle yanzu farkon damina, lokacin da kowane garke ake ba shi. Ya ce surukinsa ya yi karatu, amma karatu daban, kiwo daban. Ya kwance bakin jakarsa ya ciro jar kanwa, wadda yake ɓoye wa shanun da ya fi so, ya murƙushe da hannunsa, ya yi bisimilla ya barbaɗa.

Ina tsaye a kansa. Zuciyata tana cewa a'a, amma na bar shi ya gama barbaɗawa. Ta yaya zan kama hannun mahaifina a gidan mijina, alhali abin da ya fi daraja a jakarsa ya ba ni? Har godiya na yi masa.

Da gari ya waye uku sun juya ciki sama. Kafin sati ya zagayo biyu suka bi su. Na yi kuka, Malam, kuka sosai, maƙwabciyata Suwaiba tana yi mini dariya wai ita kifin da ta sani na miya ne. Yanzu shida suka rage, su ma ga su nan dai. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, labari ya kai wa Baffa, sai ya aiko cewa kanwar ce ba ta isa ba, zai zo da wata kanwar, ungurnu, ran kasuwar da ke bayan mai zuwa.

Suwaiba ta ce in sa a kamo mini 'yan ƙananan kifi biyar a kududdufi in cike gurbi, wai namiji ba ya ƙirga irin wannan. Ni kuma tunanina ya tafi madafa. Kowace mace ta san in kanwa ta yi yawa a girki, tsamiya ake sawa ta kashe ta. Har na jiƙa tsamiyar, na ɗauko kwanon na tsaya bakin akwati, sai na tuna duk abin da na yi da kyakkyawar niyya shi ya kawo ni nan. Na ajiye, na ɗauki alƙalami. Malam, yaya zan yi shidan nan su kai ranar da mai su zai dawo? Ina jin kunyar ya ce ya ba ni amana na kasa.

Taka,
Mai kiwon kifi ba da shiri ba,
Kafin Maiyaki, 1957.

AMSA

'Yata, na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma na tsallake wasiƙu tara na sa taki a gaba. Ni ma sanina da kifi bai wuce na Suwaiba ba, don haka na ɗauki wasiƙarki na kai wa wani abokina, Malam Inuwa, mai koyar da kimiyya a nan Zariya. Ga abin da muka tattauna.

Da farko ki dama kunu da tsamiyar nan ki sha. Kada ɗigo ɗaya ya shiga akwatin. Dabararki daidai ce a tukunya, amma kifi ba ya jure a juya masa ruwa farat ɗaya, ko da zuwa ga mai kyau ne. Ajiye kwanon da kika yi shi ne ya ceci shidan.

Shi ruwa hali gare shi. Wani ya karkata wajen tsami, wani wajen kanwa, ko da harshe bai ji ba. Kifayenki an haife su a rafin duwatsu, ruwa mara nauyi, kusan ruwan sama, da ɗan tsamin ganyen da ke faɗawa ciki. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa da shi mai nauyi ne. Wuri da katantanwa suna narkewa a hankali su ƙara masa nauyi, farin dutsenki kuwa muna zaton gutsuren siminti ne, wanda ya fi su duka ɓarna. Kin ga ke nan kifayen sun riga sun galabaita kafin Baffa ya iso. Kanwarsa ƙarasawa kawai ta yi, saboda haka kada ki ɗora masa laifin duka.

Yau ɗin nan ki tsame wuri da kwanso da farin dutsen. Ki shanya tukwane masu tsabta a tsakar gida su tari ruwan sama kai tsaye, ban da na indararo, ban da wanda ya bi ta rufin kwano. Kullum ki kwashe kashi ɗaya cikin biyar na ruwan akwatin, ki mayar da na sama wanda ya kwana a ɗaki ɗaya da su, don kada sanyinsu ya bambanta. Ki tsiyaya a hankali ta jikin gilashin. Bayan kwana goma ki koma sau ɗaya a sati. Garar ma ki rage, abin da ba su cinye ba ki cire.

In kina son gani da idonki, zoɓo zai nuna miki. Ki jiƙa kaɗan a ruwan sama. Ki sami fararen kofuna biyu, ɗaya ruwan sama, ɗaya ruwan akwati, ki ɗiga wa kowanne ɗigo uku. Na sama zai tsaya ja-ja, mai kanwa kuwa zai rine ya yi duhu. Ranar da kofunan suka yi kama da juna, aiki ya yi. Dutse kuma, kafin ya shiga akwatin, ki kankare gefensa ki matsa masa lemon tsami. In ya yi kumfa ko ya yi 'yar ƙara, ki jefar. Dutsen ƙanƙara da irin dutsen niƙa ba su da illa in an wanke su da tafasasshen ruwa ba sabulu. Ki guji marmara don tana dama ruwa, ki kuma guji masu ƙyalƙyalin nan da ake kawowa daga wajen haƙar kuza a Riruwai.

Sai batun Baffa. Gaskiyarsa ce a kan shanu, kuma ƙauna ce ta sa ya kwance jakarsa. Kada ki ce masa kanwarsa ta yi kisa. Ki karɓi ungurnun da hannu biyu ki ba awakinki. Sannan ki yi gwajin zoɓon a gabansa, ki gaya masa waɗannan 'yan rafin dutse ne, ba su saba da lasar kanwa ba. Makiyayi ya fi ni da ke sanin cewa dabbar da aka canja wa mashaya takan rame. Ki roƙe shi ya tsinto miki duwatsun ƙanƙara masu santsi a inda yake shayarwa. Dattijon da aka ba aiki ba ya jin an ƙi shawararsa.

Maigidanki ma yana da nasa kason. Wanda zai bar amana yakan zaunar da mutum ya faɗi dalilin kowane abu, ba ya yi bayani ana ɗaure kaya ba. Ke kuma naki laifin shi ne kin ji rabi ba ki tambayi sauran ba, kin kuma yi shiru a inda magana mai ladabi za ta wadatar.

Shawarar Suwaiba kuwa ki bar mata kayarta. Kifin kududdufi zai cinye shidan ko ya sa musu cuta, kuma maigida zai gane su da kallo ɗaya. Ko da ba zai gane ba, ke kin sani. Ki rubuta masa a satin nan, ki faɗa masa biyar sun tafi, da yadda aka yi, da abin da kike yi yanzu. Zai yi baƙin ciki kwana biyu a can, ya huce kafin ya hau mota. In ya shigo ya tarar da shida suna wasa, ya kuma san daga bakinki ya fara jin gaskiya, gobe ma in tafiya ta kama shi ke zai sake kira.

Allah ya raya shidan, ya dawo da maigida lafiya, ya ƙara wa Baffa albarkar garke. Ki gaishe shi da kyau.