Gurbin Ƙafar Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya 'ya'yana, ya ciwon bayan nan? Tunda wayarki ta faɗa bokiti surutu ya taru ya cika min ciki, shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da makaranta ba mu daɗe tare ba.

Baba da sauƙi. Hannun hagu ya fara motsi, maganar ce dai har yanzu sai an kasa kunne. Abin da ke damunsa ɗakin nan ne. Simintin duk ya farfashe, kujerarsa mai taya ba ta tafiya sai an tura. Kin san Baba, mutumin da bai taɓa cewa a miƙo masa buta ba, yanzu ko taga zai je sai ya kira ni. To ya ma daina kiran. Haka zai wuni yana kallon bango, abincin ma sai da lallashi.

Shi ne na ce wa Ogana, mijin nan nawa, kai da kake zuba wa mutane efoksi a shaguna, surukinka fa? Efoksin nan ruwa ne mai kauri kamar zuma, iri biyu ake haɗawa a zuba a ƙasa, ya baje da kansa ya daskare sumul kamar gilashi. Amma sai an auna daidai, don ba ya jiran kowa. In ya ƙare a tsakiya, wurin haɗin zai yi tudu, taya ta riƙa cijewa. Ni na yi lissafin, bidiyo na yi ta kallo har data ta ƙare. Ɗakin mita huɗu ne da uku, sha biyu ke nan, kauri milimita biyu, lita ashirin da huɗu. Na ƙara kaɗan saboda siminti yana sha. Oga ya duba ya ce daidai ne, wai ashe ba gulma kaɗai ake yi da wayar nan ba.

Sai da muka ɗage ledar ɗakin muka ga abin da bidiyo bai faɗa ba. Gaban taga, inda keken ɗinkin Inna, Allah Ya jiƙanta, yake a da, ƙasa ta lotsa kamar faranti. Ga sawun ƙafafun keken, ga inda take kafa diddigenta. Oga ya ce ramin nan zai shanye min lissafi, gara a cike shi da siminti a shafe, sannan a zuba mai ruwan toka. Baba ya damƙe tayar kujerarsa da hannunsa mai lafiya, ya ce, "Nan take zama."

Wallahi Yaya sai da na fita tsakar gida na share hawaye. Yanzu in an bar ramin kujera ba ta wucewa, in za a shafe Baba ya ƙi. Ki sa mu a addu'a, ki shafa min kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa, da fatan bayan ya lafa kuma kowa ƙalau.

Albishirinki. Ina wanke kofi dabara ta zo min. Ai akwai efoksi marar kala, ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. Oga ya ce akwai, amma wa ya san nawa ramin zai ci, tunda tef ba ya auna lotsawa? Na ɗauko gorar ruwa mai lita ɗaya na yi ta tsiyayawa a ramin har ya zo daidai da ƙasa. Gora uku ya sha. Na ce to ga amsarka. Ya tsaya yana kallona, wai daga yau ni ce injiniyarsa, albashi kuma sai a lahira.

Muka tsane ruwan, muka bar fanka a kai har ya bushe ƙayau, don efoksi ba ya shiri da laima. Da Oga ya zo goge ƙasan da inji, wurin Inna da hannu ya bi shi a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Na ƙara son mutumin nan, kar ki gaya masa. Ya fara cike ramin, da ya kama ya zuba sauran ɗakin. Ni kuwa ido na kan bokiti. Efoksin ya kai har bakin ƙofa, ya rage ɗan abin da bai cika kofi ba.

Da ya gama daskarewa muka mayar da Baba ɗakinsa. Ya tura taya sau ɗaya, kujera ta zarce sulu har sai da ya yi dariya. Ya je gaban taga da kansa ya tsaya, ya daɗe yana kallon ƙasa. Gurbin na nan raɗau kamar a cikin ruwa. Sai ya sauke ƙafarsa ya ɗora daidai kan diddigen Inna.

Da na ga rana ta fara dukansa na taso zan juya shi. Ya ɗaga min hannu, hannun hagun fa, Yaya, ya ce, "Je ki danna wayarki."

Na tafi na danna. Ki gyara taki ki ga hoton. A gaida maigidan da yara, Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Auta