Na'urar tana wurin da ba nata ba

Assalamu alaikum 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci. Malam, ka karanta musu amma ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni direban lanci ne, ƙaramin jirgin ruwa mai inji, a kamfanin da ke faɗaɗa tashar jiragen ruwa. Injiniya ya kawo na'urori uku masu auna tsayin igiyar ruwa, ya zana wuraren a taswira, biyu a cikin mina, wato tashar, ta uku a bakin duwatsun murjani, inda iskar arewa ke shigowa. Rayis ɗinmu, shugaban ma'aikata, mijin yayata ne, shi ya rene ni a unguwar Sa'alaba. Daga baya na ji dalilinsa, wai bakin duwatsun nan yana cin mutane, ba zai riƙa kai mu can muna ciro takardar da na'urar ke rubuta awonta a kai ba. Muka jefa ta a bayan duwatsun inda ruwa ke kwance. Ni na saki ankar, ƙarfen da ke riƙe ta a ƙasan ruwa. Lokacin ban iya karatu ba, inda aka nuna min na ajiye.

Takarda ta yi ta nuna lafiya lau. Da ita injiniya ya dogara ya tura jirgin dakon duwatsu bakin wurin. Igiyar ruwa ta ɗaga shi, wayar da muke jan sa da ita ta tsinke, ta yanke ƙafar Idi, abokin aikina, daga gwiwa. Rawanina na ɗaure masa, jini bai tsaya ba sai a asibiti.

Bayan haka na ga taswirar a ofis, na karanta lamba uku da kaina tunda yanzu na fara karatu, na ga ba inda aka zana muka ajiye na'urar ba. Na sami Rayis a lanci na faɗa masa. Ya ɗauki sarƙa ya zuba min a baki, haƙora biyu suka fita, ya danna kaina cikin ruwa har na daina motsi. Da ya ɗago ni kuka yake, yana cewa ni ɗansa ne, in na yi magana halas, tasa ta ƙare, za a ƙwace iƙamarsa, takardar izinin zama, a kora shi Sudan, yayata da 'ya'ya shida su bi shi.

Na roƙe shi mu mayar da na'urar wurinta a ɓoye, ya ƙi, wai canjin takardar zai tona mu. Injiniya kuwa ya ce tsautsayi ne, ranar Asabar jirgin zai koma da mutum tara.

In je in faɗa wa injiniya, ko in yi shiru? Ni ne zan ja su zuwa wurin.