An Cike Rijiyar Kakanka

Maigidana Sani, angon da ba ya cefane,

Ina gaishe ka. Ya aiki, ya iyali, ya Legas? Mu nan Unguwar Mu'azu sai godiya.

Sojoji na komawa bariki, kawunka Bala ya tashi gini a filinmu. Babu zane, da ƙafa ya shata wa magina. Na ce, "Bala, ina masai?" Ya ce, "Inna, wuri ba ya ƙarewa." Sai da aka yi rufi aka ga babu sararin masai sai gefen rijiyar da marigayi kakanka ya haƙa da hannunsa. Masai kuwa ba ya zama kusa da ruwan sha, don haka jiya aka cike ta. Ko tsiya na kasa yi wa Bala.

Gaida kishiyata Hadiza. Ka yi mini addu'a, yanzu ban san inda zan zauna in tuna kakanka ba.

Kakarka, Lami