Ƙafar Baba ta tsage a sahun gaba

Zuwa ga Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Sadiya da yara, a can Abijan. Mu a Paraku muna nan kalau, Inna Zuwaira ma ciwon bayanta ya lafa. Ni ce dai kwana biyu zuciyata ba daɗi, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa dalili.

Ka san tun da ciwon suga ya sa aka yanke wa Baba ƙafa, yake kukan nauyi da zafin ƙafar robar da aka ba shi. A wurin aikinmu na unguwar Guéma ina zana irin waɗannan ƙafafu a kwamfuta, inji ya gina su. Sai na ce bari Baba ma ya ci moriyar karatun nan. Ƙoƙon da dungun ke shiga ban yi shi a toshe ba, na yi masa raga-raga kamar saƙar kwando, don ya yi sauƙi iska kuma ta ratsa. Na sa kwamfuta ta gwada shi da nauyin Baba a tsaye, a tafe, har da hawan matakala. Ni da nake salla sau biyar a yini, ban tuna in gwada durƙuso ba.

Da na kai masa ƙafar gida a Jugu, sai da ya juya ta a hannu kamar mai duba goro. Ya ce saƙar duk bai ɗaya ce, alhali mai kwandon kirki yakan matse saƙa a inda kaya ke dannawa. Na yi dariya, na ce kwamfuta ta riga ta yi lissafi. Yaya, dariyar nan ce ke cina yanzu.

Mako biyu yana yawo da ita kasuwa, yana nuna wa abokansa aikin 'yarsa. Ran Juma'a ya ƙi kujerar da ake ajiye masa a masallaci, ya shiga sahun gaba. Yana sauka sujada nauyi ya koma gefe, inda ragar ta fi siranta, ta tsage. Kawu Mamuda ya ce har sahu na uku an ji ƙarar. Baba bai iya tashi ba, yana nan ƙasa har liman ya sallame, sannan mutum biyu suka ciccibe shi a gaban kowa.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya naɗe ƙafar a tsumma ya aiko mini. Na sake zane, na matse saƙar daidai inda ya nuna tun farko. Abin da ya rage kawai ya durƙusa sau ɗaya in auna gwiwarsa. Sau biyu ina zuwa, ya ce in huta, sallarsa a ɗaki ta wadatar. Juma'a uku ke nan bai leƙa waje ba.

Don Allah ka kira shi, yana jin maganarka. Kada ka wanke ni, laifina ne. Ka dai gaya masa abin da kowa ya kasa faɗa: Kawu ya ce gurbin Baba na shekara arba'in a bayan liman, wani ya fara shimfiɗa darduma a wurin.

Inna da Safiyatu suna gaishe ku. Ka shafa mini kan Haidar da Kamila.

Ƙanwarka,
Khalida