Bututunku da Filin Shanyata

Zuwa ga mai girma Manajan kamfanin matsar man gyaɗa da ke bakin hanyar Zango, Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sabon bututun hayaƙinku kam ba sai na tambayi lafiyarsa ba, don kullum ina ganin numfashinsa a jikin kayan mutane.

Ranka ya daɗe, sunana Sale, mai wanki da guga. Filin nan da ke yamma da katangarku, mai tsamiya biyu da turaku da igiyoyi, nan nake shanya, nan kuma mahaifina ya yi shanya kafin ni. Sau uku ina zuwa ƙofarku, sau uku mai gadi yana ce mini kana mitin. Da na ga mitin ɗin nan ba mai ƙarewa ba ne, na ce bari in rubuto ta jarida, ko Allah zai sa a karanta maka a cikinsa.

1. Kada a ce na zo zagin kwal. Na san abin da ya sa kuka juya injin wutarku daga baƙin mai da gas zuwa kwal. Mun ga lokacin da tankar mai ta daina zuwa, injin ya yi shiru, ma'aikatanku suka koma zaman gindin bishiya. Mun kuma san ragowar wutar da kuke sako wa unguwarmu, wadda da ita matata Ladi ke sanyaya zoɓon sayarwa. Ni kuwa ina na ga bakin zagin baƙar wuta? Shekara talatin ke nan da gawayi nake guga. Ranar da na ji an ɗauko injiniyoyi daga nesa don su koya wa injinku cin kwal, har da ƙafafa na shiga gida, na ce, "Ladi, ashe dai ni ne a gaba, masu kamfani ne a baya." Ta ce, "To sannu injiniya, sai ka je su ba ka hular kwano."

2. Tun da sana'armu ta zama ɗaya, bari in faɗa maka abin da mahaifina ya fara koya mini. Idan toka ta taru a dutsen guga, ba a hura ta a kan riga. Fita ake yi waje, a duba inda iska ta nufa, a juya wa kayan mutane baya, sannan a hura. Ranar da na manta na hura a kan rawanin wani alhaji, na sha dundun da har yau idan na tuna sai bayana ya amsa. Ku kuwa kullum da hantsi kuke kakkaɓe bututunku, daidai lokacin da na gama sa sitaci da bula na baza kaya. Sitaci kuma in yana da danshi, ko ƙuda ya sauka sai ya bar sawu, balle kunkunniya. Iska ta kwaso ta daga gabas ta yayyafa mini a kan farar shadda, ɗigo-ɗigo, ba ta tsallake ko aljihu. In na sake wankewa, rana ta yi sanyi. In na goge a haka, na dasa ta ke nan har abada.

3. Na bincika yadda aka yi bututun ya zo ya tsaya a kaina, kuma mai unguwarmu ya ba ni labari. Ya ce mutanenku sun zo da abin awo da takardu, sun zagaya katanga suna neman gefen da ba kowa. Suka leƙa filina suka ga wayam, sai akuya biyu a gindin tsamiya, suka rubuta cewa fili ne da ba a komai a cikinsa. Na ce da shi, wace rana suka zo? Ya ce Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Ranka ya daɗe, a duk kwana bakwai na mako, wannan ce kaɗai ranar da filina ke zama fili, don kayan duk suna jikin masu su. Da mutanenku sun waiwaya sun dubi jama'ar da ke fitowa daga masallaci fari fat, to shanyata ce suka gani tana tafiya da ƙafa. Da Laraba ko Alhamis suka zo, da ko wurin ajiye abin awonsu ba su samu ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar nan kowa ya koma farin kaya, har waɗanda a da ba a san su da sahun gaba ba yanzu sai da rawani. Ban ce komai a kan zuciyar kowa ba, ni dai riga aka kawo mini, kuma ban taɓa samun aiki kamar na shekarun nan ba.

4. Ga abin da ya sa na ɗauki biro, kuma a nan wasa ya ɗan tsaya. Limamin masallacin Juma'armu tsoho ne, tun zamanin mahaifina gidanmu ke wanke rigar da yake hawa mumbari da ita. Mako uku da suka wuce na kai masa ita ranar Alhamis da yamma, bayan na wanke ta sau biyu. Ya warware ta, ya ɗaga, ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Sale, riga na ba ka ko zabuwa?" Muka yi dariya. Na yi masa bayani, ya ce toka dai ba najasa ba ce, salla ta yi, amma mutane za su bar sauraron huɗuba su koma ƙirga ɗigo. Mako na biyu haka. A na uku na je karɓar wanki, ya fito da kansa, hannunsa ba komai. Ya ce, "Ka yi haƙuri ɗana, na aika da ita cikin gari wurin masu injin wanki. In Allah ya gyara maka filinka, ka zo ka faɗa mini." Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Wallahi abin ya yi mini ciwo, don rigar nan ita ce mahaifina ya miƙa mini da hannunsa ranar da ya ce na isa in yi guga ni kaɗai. Kuma ka san garin nan: inda liman ya kai rigarsa, can sahun gaba zai bi, sahun baya ya bi na gaba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ban ce ku koma baƙin mai ba, kada Ladi ta kore ni daga gida. Ina roƙo a daina kakkaɓe bututun da hantsi, a bari sai bayan la'asar, lokacin na kwashe kaya. In hakan ya yi wuya kullum, to a bar mini Laraba da Alhamis. Na kuma ji direbobin tirelar da ke kawo muku kwal suna cewa akwai wani abu kamar rariya da ake sa wa bututu ya tare toka. Ban san sunansa da Turanci ba, amma injiniyoyinku sun sani, a tambaye su ko a mota suka manta shi. Sannan a sake turo masu awon nan, ranar Alhamis da hantsi, kuma don Allah su sa fararen kaya.

Saura laifina, don ba daidai ba ne in lissafa na wani in ɓoye nawa. Ranka ya daɗe, za ka ce kai ba ka taɓa ganin wannan toka ba, kuma gaskiyarka. Farar babbar rigar nan taka mai aska takwas, wadda direbanka ke kawowa wanki duk Talata, ni nake wanke ta. Tun da kuka kunna kwal, ban taɓa shanya ta a filina ba. Ninke ta nake yi a jiƙe, in sa a leda, in hau babur in kai ta gidan ƙanwata a hanyar Baure, ta sha rana mai tsabta, in koma in ɗauko. Na ce babban mutum ne, bai kamata a gan shi da ɗigo ba. Ladi ce ta fargar da ni, ta ce, "Kai ka ɓoye wa mai bututu toka, ka kai wa liman, sannan kana mamaki mitin bai ƙare ba?"

Saboda haka ina sanar da kai cikin ladabi, daga wannan makon babur ya huta. Rigarka tana hannuna yanzu haka. Ranar Alhamis zan sa mata sitaci mai kyau, in shanya ta da hantsi a igiyar da ke tsakanin tsamiyoyin nan biyu, inda rigar liman ta saba zama, tun da wurin ya zama ba kowa. Abin da ya sauka a kanta, daga wurinku ya fito, zan goge shi da kyau in aiko maka.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya sa gyaɗa ta yi kyau bana, ya kare ma'aikata daga sharrin wuta da ƙarfe. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya kuma nuna mana Juma'a, in hango ka a sahun gaba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale mai wanki da guga,
Yamma da katangarku, Daura.